Facin Kawu Mai Layi Uku

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa ban yi kuka ba sai bayan la'asar, kuma ko da kukan ya zo bai daɗe ba. Ina zaune cikin mata a tsakar gidansa na Ƙofar Durbi, ina amsa gaisuwa, ina jin kunyar abin da ke raina, domin ya fi kama da na wanda aka sauke wa kaya fiye da na wanda aka yi wa rasuwa. Sai da matarsa, Hajiya, ta faɗa da bakinta sannan na samu natsuwa. Wata maƙwabciya ce ta shigo tana rusa kuka, Hajiya ta kama hannunta ta zaunar da ita a tabarma.

"Ki yi mashi addu'a, ki bar kukan nan," in ji ta. "Shekara biyu ana wanke mashi ƙoda. Wallahi ya huta. Mu ma da muke kallo mun huta."

Kawu yayan mahaifiyata ne. Su uku ne a ɗakinsu: shi ne babba, sai Inna, sai autansu da muke ce wa Kawu Ƙarami. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa tun ina zanen goyo Kawu bai taɓa kirana da komai ba sai "Uwata".

Mijina ya zauna a waje wurin maza, shi ya kawo mini labarin can. Ya ce kowa da Kawun da ya sani. Limamin unguwa ya ce lasifikar masallacinsu ba ta taɓa kwana a lalace ba tun da Malam ya tare a layin. Tsofaffin abokan aikinsa na gidan tarho sun zo su huɗu, kowa da sandarsa, suka ɓige da gardamar wace shekara ce ya hau turken waya da zazzaɓi a jikinsa. Wani ɗan acaɓa da ke yawan ɗaukarsa ya ce shi dai abin da ya sani, Malam ba ya yarda a yi gudu da shi, kuma ba ya sauka sai ya ce a duba iskar tayar baya.

A cikin gida kuwa, wata tsohuwa ƙanwar kakarmu, wadda kunnenta ya yi nauyi, ta ɗaga murya ta ce, "Wai ni, mi yake yi gaban injin nan shekara da shekaru? In zo gaishe shi yana kallon gilashi, in tashi tahiya yana kallon gilashi."

"Faci yake yi, Gwaggo," in ji Hajiya.

"Faci? Na taya?"

Dariya ta kuɓuce wa mata, kowa na toshe baki da mayafi. Hajiya ta nuna ni ta ce, "Ga wadda ta sani nan. Ni dai abin da ya ce mani ke nan."

Ban iya ba Gwaggo amsa ba a ranar. Shi ya sa na zauna yanzu nake rubutawa, kada jikokinsa su tashi su ma abin da za su ji ke nan, wai kakansu ya ƙare rayuwarsa yana kallon gilashi.

Kawu ya yi aikinsa a gidan tarho na gwamnati, daga hawan turke har ya kai ga kula da ɗakin injina. Da wayar hannu ta zo, tarhon waya ya mutu, sai ya yi ritaya. Abokansa wasu suka koma gona, wasu suka kafa majalisa a ƙofar gida. Shi kuwa ya je Kano ya sayo tsohuwar kwamfuta, ya ce in kawo masa littattafan da na gama da su a jami'a, yana so ya koyi rubuta manhaja. A lokacin ya doshi sittin. Na ɗauka wata biyu zai yi ya gaji. Ni na koya masa na farko. Kafin shekara uku ni ke kai masa tambaya.

Bai taɓa yarda da karatu a kan gilashi kaɗai ba. In abu ya yi tsauri sai ya sa a buga masa rubutun manhajar a takarda, ya fita da shi gindin darbejiyar ƙofar gidansa da hantsi, ya zauna da jan biro da kofin shayi marar sukari, yana bin layi-layi da yatsa. Masu wucewa su gaishe shi, ya amsa gaisuwar har ƙarshenta, gida da iyali da gajiya, yatsan kuma yana nan a kan layin da ya tsaya. Yana da wani littafi mai baƙin bango da yake rubuta duk abin da ya gwada da abin da ya biyo baya, har wanda bai yi aiki ba. Ya ce wanda bai yi aiki ba shi ya fi saurin ɓacewa a kai, sai mutum ya sake gwada shi sau uku bai sani ba.

In na je masa da matsala na fara da "ina jin", sai ya ɗaga hannu.

"Uwata, ban tambaye ki abin da kike ji ba. Mi kika gani?"

In kuma na ce masa abu ya gyaru da kansa, sai ya girgiza kai ya ce, "Bai gyaru ba. Ɓuya ya yi. Zai dawo ranar da kike da baƙi."

Ba zan ce mutum ne mai sauƙi ba. Harshensa yana da kaifi, kuma in ya san yana da gaskiya ba ya duba wurin da zai faɗe ta. Wannan hali ya kusa raba shi da ƙanensa, zan zo kan wannan.

Kawu Ƙarami ɗan kasuwa ne. Da yadi ya fara a Babbar Kasuwa, daga baya ya buɗe ƙaramin kamfanin raba intanet a wajen Ƙofar 'Yandaka, ya ɗauke ni injiniyarsa. Muna ba shaguna da makarantu da wasu ƙananan asibitoci layi. Duk abin da mutum ya aika ta intanet, hoto ne ko murya ko rubutu, ba ya tafiya a dunƙule. Yanyanka shi ake yi ƙanana, kowane yanki ana ce masa fakiti. Aikin babbar na'urarmu shi ne ta karɓi fakitin nan ta miƙa kowanne inda za shi, dubbai kafin mutum ya ƙifta ido. Injin da aka ƙera musamman don wannan aiki ya fi ƙarfinmu, sai muka ɗora wa kwamfuta wata manhaja ta kyauta mai saurin gaske, wadda rubutunta a buɗe yake. Kowa a duniya yana iya karanta shi, ya gano kuskure, ya gyara, ya aika wa masu kula da ita. Wannan gyaran da ake aikawa shi ake kira faci.

Shekara guda muka yi lafiya. Da mutanenmu suka ƙaru, sai na'urar ta fara shaƙewa. Wajen la'asar, lokacin da kowa ke kan waya, sai fakiti ya tsaya cik, babu shiga babu fita, sai an kashe an kunna. Wani lokacin sau biyu a mako, wani lokacin a yi kwana goma shiru. Ranar da abin ya fi tsaya mini a rai, wani likita ne ya kira ni yana faɗa. Yana cikin aika hoton cikin wata mai juna biyu zuwa ga babban likita a Zariya layin ya ɗauke, matar tana kwance a gabansa, dangi na jira a ce musu a tafi da ita ko a zauna. Ya ce mini, "Hajiya, ba kallon wasa nake yi da layinku ba."

A cikin ma'aikatanmu akwai wani magidanci da muke ce wa Mai Tsani. Daga wani ƙauye ta wajen Kaita ya shigo birni yana leburanci, har ya koyi hawan ƙarfen sabis da jan waya. Ba ya karanta Turanci sosai, amma in an nuna masa abu sau ɗaya ya riƙe ke nan. Shi ke tsaron ɗakin na'ura da yamma, don haka duk ranar da abin ya faru shi ne a wurin. Ga shi kuma ƙanin matarsa yana aiki a wani kamfani da muke gasa da shi. Kawu Ƙarami ya haɗa wannan da wancan, ya kira ni ofis ya ce, "Ƙarshen wata ki amshi makullin hannunshi. Ba zan ciyar da mai yi mani zagon ƙasa ba."

Gaskiya ni ma zuciyata ta fara karkata. Na duba duk abin da na san dubawa ban ga komai ba, kuma ya fi mini sauƙi a ce mutum ne da a ce ni ce na kasa. Amma na kasa amsar makullin, sai na tafi Ƙofar Durbi.

Kawu ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Mi kika gani?"

"Duk ranar da abin ya faru yana nan."

"Ladanin masallacin layinku ma duk ranar yana kiran la'asar. Shi yaushe za ku kore shi?"

Washegari ya hau acaɓa ya je ya sami ƙanensa. Ya ce a ba shi lokaci. Kawu Ƙarami ya yarda ba zai kori Mai Tsani ba tukuna, amma ya amshe makullin, ya hana shi shiga ɗakin na'ura. Mutumin da ya fi kowa daɗewa a kamfanin ya koma zaman benci a waje, sai in za a hau ƙarfe a kira shi. Maganar ta zaga, har a unguwarsu aka fara cewa an kama shi da cin amana. Na'urar ta ci gaba da shaƙewa yana waje, amma Kawu Ƙarami ya ce ai wani abu ya dasa mata tun kafin a fitar da shi. A nan muka gane babu abin da zai wanke mutumin nan sai an kamo ainihin abin da ke faruwa an nuna shi.

Kawu ya ce abu na farko, sai ya iya sa matsalar ta faru a gabansa, lokacin da ya so. Ya haɗa tsofaffin kwamfutoci biyu a ɗakin zaurensa, ɗaya tana ɗura wa ɗaya fakitin gwaji ba tsayawa. Mako ɗaya, biyu, biyar, babu abin da ya faru. In an ɗauke wuta ya tayar da janareta, Hajiya ta leƙo ta ce kajinta sun daina ƙwai saboda ƙara. Littafin mai baƙin bango ya cika, ya sayo wani. Ina zuwa in same shi a gindin darbejiya da tarin takardu, duwatsu a kai don kada iska ta kwashe, idonsa ya yi ja. Na ce ya huta. Ya ce, "Shi wancan da ke bisa benci, hutawa yake yi?"

A mako na shida ya tambaye ni wace irin kwamfuta ce tamu, ba sunanta ba, ƙwaƙwalwar da ke cikinta. Na ce irin sabuwar nan ce mai cin wuta kaɗan, mun zaɓe ta ne saboda da sola muke aiki. Ya dubi nasa tsofaffin, ya ce, "Ashe mako shida na yi ina tambayar wanda bai je wurin ba." Ƙwaƙwalwar nasa injinan irin wadda yawancin masu manhajar ke amfani da ita ce. Tamu daban ce.

Muna da guda ta ajiya, na sa aka kai masa. Kwana biyu bayan haka, ina shirya yara za su makaranta, wayata ta yi ƙara.

"Uwata, ya mutu!"

Ta cikin wayar na jiyo Hajiya tana salati tana cewa, "Wa ya mutu, Malam?"

"Injin! Alhamdu lillahi, gabana ya mutu, ba kowa ɗakin sai ni."

Ranar na yi dariya har da hawaye. Amma sai da aka ƙara kusan wata biyu kafin ya gano wurin. A takarda ya gan shi, a gindin bishiya, ya zagaye shi da jan biro har takardar ta huje. A cikin manhajar akwai wasu gurabe da aka jera. Sashe ɗaya yana ajiye fakiti a gurbi ya ɗaga alama cewa akwai kaya, wani sashen ya ga alamar ya ɗauka. A irin ƙwaƙwalwar injinmu, in aiki ya yi yawa, alamar tana iya riga fakitin isa. Mai ɗauka ya miƙa hannu ya tarar da wayam, lissafinsa ya rikice, komai ya tsaya. Da Kawu Ƙarami ya ce bai gane ba, Kawu ya ce masa, "Auta, kamar ka ce ma direba kaya sun hau, alhali ɗan dako yana hanya da su. Kullum ɗan dako yana isa kafin mota ta tashi, shi ya sa ba wanda ya lura. Ranar cunkoso sai mota ta tahi ba kaya."

Gyaran layi uku ne. Umarni ne kawai cewa kada a ɗaga alamar sai kayan sun zauna. Wata huɗu, layi uku.

Ya gwada shi kwana tara a zaure bai shaƙe ba, sannan ya yarda muka ɗora a babbar na'ura. La'asar ta farko ina tsaye a ɗakin, ban iya zama ba. Aka kira salla, aka idar, fakiti na wucewa. La'asar ta biyu ma haka. Da aka yi wata guda cur sai na lura na daina firgita in wayata ta yi ƙara da yamma.

Kawu ya ce makullin nan wanda ya amsa shi zai mayar, da hannunsa, a gaban waɗanda aka amsa a gabansu. Kawu Ƙarami ya yi ta kauce-kauce, daga ƙarshe ya tara mu, ya miƙa wa Mai Tsani makullin ya ce, "Ka yi haƙuri, na zalunce ka." Mai Tsani ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Ba komai, Alhaji." Amma da na zagaya baya ɗauko wani abu, na same shi zaune a kan bulo, ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Na tsaya na ce ni ma ya yafe mini, don na yi zarginsa a zuciya. Bai ɗago ba ya ce, "Hajiya, ke ai kin tahi wurin Malam."

Ranar Juma'a Mai Tsani ya kai wa Kawu zabi biyu daga ƙauyensu. Na san Kawu ba ya karɓar komai a kan irin wannan, amma ya karɓa, ya yi godiya mai tsawo, har ya tambayi yadda ake kiwonsu. Bayan ya tafi na tambaye shi dalili. Ya ce, "Wata biyar ana nuna mashi ba a son komai daga hannunshi. In ƙara mashi?"

Rigimar ta taso ne bayan wannan. Kawu ya ce zai aika facin ga masu kula da manhajar. Kawu Ƙarami ya ce atafau. Kamfanin da muke gasa da shi irin injinmu suka saya, irin manhajarmu suke amfani da ita, kuma mun ji su ma tana shaƙe musu. Ya ce, "Yaya, wata huɗu kana wahala, ni na rasa mutane, sannan mu miƙa masu a faranti? Ka bari ko shekara ɗaya."

"Wanda ya rubuta sauran layukan, shekara nawa ya ce ka jira?" in ji Kawu. "Kuma asibitocin da ke kan layinsu, marasa lafiyarsu ba mutane ba ne?"

Da ya tsaya a nan da ya yi daidai. Amma sai ya ƙara, a gabana da gaban ma'aikata biyu, "Halinka ne tun kana yaro. In an ba ka abu a ce ku ci da 'yan'uwa, sai ka shige ɗaki ka turo ƙofa."

Kawu Ƙarami mutum ne mai jikoki. Na ga fuskarsa ta canja. Ya ɗauki hularsa ya fita daga ofishinsa ya bar mu a ciki. Daga ranar ya ɗauke ƙafa daga Ƙofar Durbi, shi da bai taɓa fashin gaida yayansa ranar Juma'a ba.

Kawu ya aika facin, kamar yadda ya faɗa a fili zai yi. Ya rubuta bayaninsa da irin Turancin tsofaffin ma'aikata, da gaisuwa da neman afuwa da shafi biyu na labari. Amsar da ta dawo layi biyu ce, babu ko gaisuwa: bayanin ya yi tsawo, tsarin ba daidai ba ne, kuma ina hujja? Raina ya ɓaci, na ce mutanen nan ba su da ladabi, ba su san dattijo suke yi wa magana ba. Kawu ya yi dariya ya ce, "Ai ba su sani ba. Kuma ya karanta, tun da har ya san ya yi tsawo." Ya rage bayanin, ya haɗa da yadda kowa zai iya sa injin ya shaƙe a gabansa. Sau huɗu ana dawo masa da shi, a na biyar aka karɓa. Ya kira ni ya karanta mini kalmar karɓar sau biyu, sannan ya ce in gaida yara, ya kashe wayar.

Daga nan masu irin injinmu a ƙasashe daban-daban suka fara turo masa tambaya, har ya zama duk facin da ya shafi wannan ɓangaren sai an jira ya duba. Wasu watanni bayan haka wata mata daga wata ƙasa mai nisa ta gano cewa akwai irin wannan kuskuren a wani lungu kusa da wanda ya gyara, ya tsallake shi bai gani ba. Kawu ya amsa mata a gaban kowa cewa gaskiyarta ne, idonsa ya wuce wurin, ya gode. Na ɗauki wannan na kai wa Kawu Ƙarami. Na nuna masa cewa da mun ɓoye facin, da wannan na biyun yana nan yana jiranmu, ba mai gaya mana. Na ɗauka zai sauko. Ya dube ni ya ce, "Ashe shi ma yana kuskure." Bai je ba.

Ba hujja ce ta kai shi ba, Inna ce. Ranar da sakamakon asibiti ya fito aka ce ƙodar Kawu ta gaza, ta sa mayafinta ta je har ofis, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta zauna ba. Ta ce, "Auta, mu uku muka rage, kuma an fara kiran ɗaya. Ka tashi." Ya tashi.

Ina ɗakin lokacin da suka shigo. Suka gaisa kamar jiya suka rabu. Kawu Ƙarami ya zauna a bakin gado ya fara maganar katangar gidan mahaifinsu da damina ta ci, wai a yi ta da bulo. Kawu ya ce da ƙasa aka gina ta, da ƙasa za a mayar. Suka yi ta ja-in-ja a kan katanga har Inna ta fara murmushi. Can Kawu ya ce, "Auta, facin nan ko yau ne zan aika. Amma maganar da na yi maka gaban yaranka, ban kyauta ba. Ka yafe mani."

Kawu Ƙarami ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai gaskiya ce, Yaya. Na tuna ranar. Ƙosai ne."

Dariyar da Kawu ya yi sai da ta sa shi tari. Tun daga ranar, duk zuwa wankin ƙoda a motar ƙanensa ake yi, kuma shi ke tuƙawa. Da ƙafafun Kawu suka daina ɗaukarsa, shi ke tallafo shi daga ɗaki zuwa mota, ba ya bari kowa ya taya shi.

Shekara biyun nan sun yi tsanani. Ba zan zayyana su ba. Mutumin da ke hawan turke ya koma sai an juya shi a gado, kuma akwai ranakun da ciwo ke hana shi ko amsa sallama. Amma a ranakun da ya samu sauƙi sai ya ce in buɗe masa dandalin masu manhajar, in karanta masa, shi kuma ya faɗa in rubuta, don yatsunsa sun daina biyayya. Da ya ga jikin ba na tashi ba ne, ya sa na rubuta musu cewa daga yanzu a riƙa tura wa matar nan da ta kamo kuskurensa, ta fi shi ido.

Ranar Talatar ƙarshe na je da hantsi na same shi a ɗakin zaure, an jingina shi da matasai. Injin gwajinsa na nan a kusurwa yana ta huci, don bai taɓa yarda a kashe shi ba, ko da yaushe akwai abin da yake gwadawa. Ya ce in duba ko akwai wanda ke jiransa. Saura mutum ɗaya. Daga rubutunsa an san sabon shiga ne, facinsa na farko ke nan, kuma bai yi daidai ba. Na karanta wa Kawu sau biyu, ya lumshe ido yana saurare, ya gaya mini inda matsalar take. Na fara rubutawa ina faɗa a fili, "Wannan facin ba daidai ba ne."

"Goge," in ji shi. "Rubuta mashi, ka kusa. Sannan ki nuna mashi layin. Ki ce ya sake aikowa."

Na rubuta na aika.

"Saura wa?"

"Babu kowa, Kawu."

"Duba da kyau, Uwata."

Na sake bi tun daga sama har ƙasa. "Babu. Ka sallami kowa."

Ya ja numfashi mai tsawo, ya ce, "To, kashe injin."

Na dube shi don in tabbatar. Ya gyaɗa kai. Na danna, hucin ya yi ƙasa-ƙasa har ya tsaya. Muka jiyo Hajiya tana daka a cikin gida, da wata mai tallan awara tana wucewa a layi. Kawu ya saurara, ya ce, "Ashe haka ɗakin ga yake da daɗin zama."

Ya ce a kawo masa kunu. Kwana uku ke nan ba abin da ya shiga cikinsa, amma ranar ya sha rabin kofi, ya ce ya yi daɗi, ya yi barci har azahar. Ranar Alhamis da hantsi ya cika, kansa a kan cinyar ƙanensa, Inna tana riƙe da hannunsa tana laƙƙana masa kalmar shahada, shi kuma yana bi.

Allah ya yalwata masa kabarinsa, ya yafe masa kaifin harshensa, ya karɓi ɗan abin da ya gyara. Ya ba Hajiya da Inna da Kawu Ƙarami haƙuri. Mu kuma da ya bari, Allah ya sa mu sallami masu jiranmu kafin a kira mu. Amin.